Ragon Da Ya Gyara Mana Esin Mota

Ko da zan tsufa har in riƙa neman hulata alhali tana kaina, wallahi ba na jin zan manta makon da muka yi muna fama da esin motar Yayana a Fatakwal. Yanzu motoci masu aiki da lantarki sun fara zama ba abin kallo ba, amma a lokacin tamu ce kaɗai a unguwarmu, kuma ta nuna mana cewa mu ƙauyawa ne komai daɗewarmu a birni.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, da 'yar'uwarmu mace da ke aure a unguwar Uwani, can Inugu. Yaya shi ne babba, dillalin shanu da tumaki ne a kara, mutum mai son a ce ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ni ne auta. Ni nake tuƙa shi, ni nake tsaya masa in ba ya nan, ni ne kuma nake cika masa kunne, don tun ina yaro Allah bai yi wa bakina birki ba.

Lokacin da fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, Yaya ya yi fushi ya sayar da motarsa, ya sa aka kawo masa wata fara sol daga ƙasar Sin, wadda ba ta shan mai sai caji. Ranar da na shiga da ita kara, kasuwa tsayawa ta yi. Mota tana tafiya ba ƙara, ba hayaƙi, har wani mai tallan ruwa ya yi tsalle ya faɗa kwata don bai ji zuwanta ba. Da aka buɗe bonet aka ga wani fili kamar akwati, sai wani dattijon mahauci ya dafa Yaya ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, an sace maka injin tun a jirgin ruwa." Yaya ya yi ta bayani yana hura hanci. Abin da bai bayyana musu ba shi ne yadda muke cajin ta a gida, domin in wuta ta ɗauke, kuma kullum a ɗauke take, janareto muke tayarwa. Na ce masa, "Yaya, ashe fetur ɗin dai muke sha, sai dai yanzu janareto ne ke tauna mata." Ya ce in rufe masa baki.

Rubutun allon motar duk na Sinanci ne, kuma akwai wata mata a ciki da kan yi magana da yarensu in ta ga dama. Amma fa esinta, wato na'urar sanyin, ba a magana. In ka kunna ta sai ka nemi rigar sanyi a tsakiyar zafin Fatakwal.

Ana cikin haka Inna ta zo daga gida. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Mun daɗe muna roƙon ta ta zo a yi mata aiki tana cewa ita ta saba, sai da ta zuba wa jikarta kananzir a kofi a zaton ruwa ne sannan hankalinta ya tashi ta yarda. 'Yar'uwarmu ta samo wani likita a Inugu wanda ya yi wa uwar mijinta aiki ta warke ras, Inna kuwa ta ce ban da shi babu mai taɓa mata ido. Matsalar ita ce Inna ba ta shiri da mota. Warin mai kawai ta ji, sai amai. Zuwanta Fatakwal ma sai da ta kwanta kwanaki kafin ta dawo daidai. Muka ce ai shi ke nan, ga motar da ba ta da wari, Allah Ya kawo sauƙi.

Inna ta shafa motar, ta saurara, ta ce, "An tayar da ita?" Na ce an tayar. Daidai nan matar nan ta ciki ta saki wani dogon zance. Inna ta ja da baya ta riƙe sandarta da hannu biyu ta ce, "Motar da ba ta tari, ba ta gurnani, kuma ga mace tana magana ba a san inda take zaune ba? A'a, ku dai ku shiga. Allah Ya kiyaye hanya."

Yaya ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Kun san mutanenmu ba sa barin abin hawa haka nan tsirara. Daga gingimari har keke, kai har baro, sai an rubuta wani abu a jiki. Ya je wurin wani mai walda a gefen kasuwar Creek Road ya sa aka yanko masa dogon farantin ƙarfe mai ƙyalli, aka fito da haruffa manya-manya a jiki, waɗanda ko da hannu ka shafa za ka ji su: ALBARKAR UWA. Sai aka rasa inda za a maƙala shi, domin gaban motar a shafe yake sumul. Wuri ɗaya ne ya dace, wata doguwar kafa mai raga-raga a can ƙasa, ƙarƙashin lamba. Mai walda ya ce anya ba ta nan take numfashi ba, Yaya ya ce da shi, "Motar da ba ta da inji, numfashin me za ta yi? Kuma ka san ruwan garin nan. Lantarki da ruwa ba sa ga-maciji, ka rufe min ita ruf." Mai walda ya rufe ta ruf, har da zagaya roba don ko ɗigo kar ya shiga. Na tsaya na duba, na ce aiki ya yi kyau, don gaskiya ya yi kyau.

Da muka dawo gida na kamo hannun Inna na durƙusar da ita a hankali, ta bi haruffan da yatsa, na karanta mata. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabon sa a gabansa ba, ko abinci za ta ba shi sai dai ta ce a miƙa wa wancan. Can sai ta ce, "Wancan ne ya sa aka yi?" Na ce shi ne. Ta ce, "To. Allah Ya yi masa albarka." Ƙaton mutum mai iya kayar da bijimi, sai ga shi ya juya baya yana wai gyara madubin mota, ido ya kawo ruwa. Ni kaina na ji abin har cikin raina. Daga ranar Inna ta rantse ba ta ƙara shiga wata mota sai wannan, kuma duk lokacin da za ta shiga sai ta fara zuwa gaba ta ƙwanƙwasa farantin da sanda, ta ji ya ce ƙwal, sannan ta yi bismillah.

'Yan zagayen da muka yi da ita cikin gari gajeru ne, ga damina, ba wanda ya lura da komai. Sai ranar tafiya Inugu. Mun fita da safe esi yana busa sanyi kamar gaske. Kafin mu kai Aba rana ta buɗe, muka faɗa cunkoso, sai na ji iskar ta fara sanyin jiki. Na ƙara mata lamba, ta koma ɗumi. Na ƙure ta, sai ta koma kamar an buɗe murfin tukunyar tuwo a fuskata. Na sauke gilashi, hayaƙin tireloli ya shigo, Inna ta fara kelaya amai. Na ɗaga gilashi, muka ci gaba da dahuwa. Yaya yana ta danna allon nan na Sinanci, kujerarsa ta kwanta, goge-gilashi ya tashi, rediyo ya kama, komai ya amsa ban da sanyi. Matar ciki kuwa sai surutu take ba ƙaƙƙautawa. Inna, cikin galabaita, ta ce, "Baiwar Allah, ke ma zafin ne ya dame ki ko? Sannu."

Mun isa asibiti Inna ta jiƙe sharkaf, ko tsayuwa ba ta iya yi. Likita ya auna jininta ya girgiza kai. Ya ce ya hau sosai, ba zai taɓa ido a haka ba, a ba ta magani a dawo mako mai zuwa, kuma a kawo ta a natse. 'Yar'uwarmu ta ce to Inna ta zauna a wurinta a Uwani har ranar. Inna ta ce, "Ni? In kwana gidan suruki? Ashe ba ki da hankali ban sani ba." Yaya ya ce a kama mata ɗaki a otal, ta ce ita ba 'yar bariki ba ce. Ko cajin da muka tsaya yi a gidan, a gindin bishiyar ƙofar gida ta zauna. Haka muka juyo Fatakwal da la'asar, Allah Ya taimake mu da ruwan sama.

Da muka iso ta sa aka kira mu duka biyun. Ta ce, "Sau ɗaya zan ƙara. In aka sake dafa ni a hanya likita ya ce jini ya hau, ku sa ni a motar gida ko zan amayar da hanjina. Idon na yafe shi." Duk wanda ya san Inna ya san ba ta faɗin magana sau biyu. Na ce a sami wata motar mai esi mana, ta ce ta riga ta rantse. Wato idon mahaifiyarmu gaba ɗaya ya rataya a kan iskar da ke fitowa daga 'yan ramukan nan na gaban mota, kuma ranar ce na fara jin tsoro na gaske.

Washegari na fara yawon masu gyara. Na farko wani mai gyaran esi ne da kowa ke yabo a unguwarmu, ɗan Kano kamarmu. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya zagaya baya ya buɗe but, ya dawo ya ce, "Ina fambel ɗin kwamfiresa?" Na ce ba ta da shi. Ya ce, "To me ke juya ta?" Na ce, "Malam, da na sani ai da ni zan buɗe gareji." Ya ce ko ma dai mene ne, esi in ya ƙi sanyi gas ne ya ƙare. Ya ɗura mata gas, muka zauna ta yi sanyi na ɗan lokaci, ya fara murmushi yana goge hannu. Kafin in fita daga layinsu zufa ta karyo mini.

Na biyu wani rewaya ne mai gyaran wayoyin mota, Inyamuri, mai fara'a. Da ya ga wasu wayoyi masu kauri ruwan lemo sai fara'ar ta ɗauke. Ya ce mini da Buroka an gaya masa irin waɗannan wayoyi ko kallon banza ka yi musu sai su jefar da kai, shi kuma yana da 'ya'ya ƙanana. Na lallashe shi, ya cire silifas ɗinsa na roba ya zura hannuwa a ciki, ya ɗauki dogon kara yana zungurar fis daga nesa. Mota ta yi 'yar ƙara, ya zubar da komai ya tsallaka titi. Daga can tsallaken ya ɗaga mini hannu ya ce, "Oga, je ka da ita, ban karɓi ko sisi ba."

Na uku, da mako ya zo ƙarewa, shi ne mai kwamfuta, wanda aka ce har motocin ma'aikatan kamfanin mai yake dubawa. Ya jona na'urarsa, ya daɗe yana kallo, ya ce abin yana ɗaukar zafi ne ya kashe kansa. Ya zagaya gaban motar, ya karanta farantin, ya ce wa ya yi wannan aiki mai kyau. Na gaya masa da alfahari. Ya ce ai irin waɗannan motoci dama gabansu a rufe yake zuwa, don haka ba mamaki kwamfiresar ce ta gaji, sai an yi odar wata daga waje, kuma sai an yi haƙuri don jirgin ruwa ba ya sauri. Na ce, "Gobe fa za mu tafi." Ya ɗaga kafaɗa.

Na fito jikina a mace, na wuce kara in gaya wa Yaya. Na ajiye motar kusa da turken tumaki na same shi a rumfa, ina cikin ba shi labari sai muka ji gwaram! Muka fito da gudu. Wani ƙaton rago ne na wani baƙon falke, mai ƙaho a murɗe, ya tsinke igiya. Ya zo wucewa ya hango wani ragon a cikin ƙyallin farantin yana harararsa, shi kuwa ba a yi masa haka. Kafin mu ƙarasa ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya sake zabura. Gwaram! Yaya yana ihu, "Ku riƙe shi! Kai, ku riƙe ɗan banzan nan!" Wa zai shiga tsakani? Sai da ragon ya ga abokin faɗansa ya lotse ya faɗo ƙasa sannan ya yi atishawa ya koma cin dusarsa.

Yaya ya ɗauki farantin kamar an yi masa rasuwa. Ya ce in je gida in ɗauko kayan Inna da za a kai guga, in dawo mu kai wa mai walda ya miƙar da shi kafin ta sani. Na jefa farantin a kujerar baya na kama hanya, raina a ɓace, esin ma a kunne na bar shi don na gaji da kashewa. Na yi nisa cikin cunkoso sai na ji tsigar jikina tana tashi. Na ce shi ke nan, ga zazzaɓi kuma ya zo. Na yi atishawa. Na kai hannu ramin iska, na ji sanyi ƙarara. Na jira ya gudu kamar yadda ya saba, ya ƙi gudu. Na zagaya gari ina ihu ni kaɗai a mota, masu keke suna kallona, na koma kara a guje ko kayan gugar ban ɗauko ba.

Yaya ya shiga ya zauna, ya lumshe ido. 'Yan kara suka yi layi kowa yana zura hannu ta taga. Nan take aka yanke hukunci: wata waya ce ta saki, dukan rago ya mayar da ita, kamar yadda ake marin tsohon rediyo ya kama. Ba wanda ya yi musu, har da ni. Yaya ya nemo falken nan da ɗazu yake zagi, ya rungume shi, ya saye ragon ko tayi bai yi ba. Muka tafi wurin mai walda cikin farin ciki, ya daddaka farantin ya miƙe, ya shafe tabon da fenti, ya mayar da shi wurinsa ya ɗaure tamau.

Ba mu kai rabin hanyar gida ba Yaya ya fara fifita da hularsa. Muka kalli juna. Ya ce, "Wayar ta sake saki. Juya mu koma kara."

Jama'a, abin da ya biyo baya ina jin kunyarsa har yau, amma dariyarsa ta fi kunyar yawa. Muka jawo ragon muka tsayar da shi a gaban mota don ya sake dukan. To fenti ya kashe ƙyallin, rago ya duba bai ga kowa ba, ya juya abinsa. Yaya ya cire babbar riga ya kama ƙaho yana ja, ni ina turawa ta baya. Wani ya ce a watsa masa ruwa ya fusata, wani ya ce a shafa dusa a jikin farantin. Aka shafa, rago ya lashe tas ya tsaya jiran ƙari. Yaya har lallashinsa yake, "Haba ɗan albarka, ɗaya tak, don Allah." Wani ya kawo shawarar a kawo bijimi, Yaya ya tsaya yana nazarin maganar da gaske. Daga ƙarshe ragon ya gaji da mu, ya ja da baya ya sunkuyar da kai, muka ce alhamdu lillahi, muka buɗe masa hanya. Ya zaburo ya bar mota ya ɗauke ni ta gefe.

Na faɗi rub da ciki, kaina daidai ƙasan lamba, 'yan kara suna dariya har da masu riƙe ciki. Ina kwance a nan, kunnena kusa da farantin, sai na ji wani abu yana gurnani a bayansa, wuuu, kamar fanka tana neman ranta. Na kai hannu na taɓa ƙarfen, zafi zau. Na daɗe a kwance har Yaya ya tsorata ya ce ko na karye. Na ce, "Yaya, a ba ni sufana."

Na kwance farantin, muka shiga muka zauna, sanyi ya zo ya zauna. Yaya bai yarda ba, ya ce a mayar. Na mayar, muka jira, zafi ya dawo. Na sake cirewa, na sa tafin hannu a bakin ragar, na ji tana zuƙar iska da ƙarfi har tana jan hannun rigata. Ashe motar da ba ta da inji ma tana numfashi, kuma ta nan kaɗai take yi, mu kuma muka toshe mata hanci har da zagaya roba. Yaya ya zauna a kan wani turmi, farantin a cinyarsa, ya yi tagumi. Can ya ce, "To yanzu wa zai gaya wa Inna?"

Nan fa ake yin ta. Dariya ta ɗauke mini. Wannan ƙarfen ne ya sa Inna ta yarda da motar, shi ne kuma abu ɗaya da ya taɓa jawo wa Yaya yabonta a gaban idonsa. In an bar shi, za ta dahu, jini ya hau, ido ya tafi. In an cire, ta ƙwanƙwasa ta ji wayam, Allah kaɗai Ya san abin da za ta ɗauka. Na ce a mayar da shi baya ko a sama, ya ce sandarta ta san wurin. Ya ce ko a ɗaura da safe in ta shiga sai a cire a ɓoye. Na ce, "Yaya, Inna ido ne ba ta da shi, amma kunnenta ko allura ta faɗi a maƙwabta sai ta ji." Muka rabu ba mu tsayar da komai ba.

Da safe Inna ta fito cikin shiri, ta nufi gaban mota, ta kai sanda. Ba ƙwal. Ta sake kaiwa, sandar ta shige raga. Ta miƙe tsaye ta ce, "Ina abin?" Yaya ya fara kame-kame, wai an kai wanki, wai ana ƙara masa kyau. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Auta, kai ba ka iya riƙe magana ba. Faɗa min." Ni kuwa na kwashe komai na faɗa, tun daga mai silifas a hannu har ragon da ya kayar da ni, na nuna mata ma inda ya kumbura ta shafa.

Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Inna dariya take, har ta jingina da mota tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta lafa ta ce, "Wato kun kafa ni a waje mutanen titi suna karantawa suna yaba muku, ni kuma ga ni a ciki ina nuna kamar dankali. Kai, Allah Ya shirye ku." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Ta ce, "Ba ni shi nan." Ya ɗauko farantin daga but ya miƙa mata. Ta shafa shi, ta ji duk inda ya lotse, ta ce, "Abu nawa ne, ba na 'yan titi ba. Ku buɗe min ƙofa."

Haka ta shiga ta ɗora shi a cinya ta riƙe da hannu biyu. Muka wuce Aba cikin cunkoson da ya fi na wancan karon, rana tana dukan gilashi, ni kuma rabin hankalina yana kan titi rabi yana kan ramin iska. Sanyi bai motsa ba. Can sai na ji ta ce, "Auta, wai ba a rage abin nan ne? So kuke ku kai wa likita ƙanƙara?" Yaya ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa mata, ba a jima ba ta yi barci har da minshari.

Likita ya naɗa mata abin awo a hannu, ni da Yaya muka tsaya ko numfashin kirki ba ma yi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Yawwa, yau za a yi." Na fita waje na zauna a kan dakali.

Washegari aka cire mata bandeji a ido na farko. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta kalli rufin ɗaki, ta kalli hannunta ta juya shi gaba da baya. Sannan ta ɗago ta tsaya a kaina, ta daɗe tana kallo kamar ba ta san ni ba. Na matso na ce, "Inna, ni ne." Ta kai hannu ta kama gemuna ta ce, "Auta? Yaushe ka yi furfura ba wanda ya gaya min?" Na buɗe baki in ba ta amsa kamar yadda na saba, a karon farko a rayuwata magana ta ƙi fitowa, sai kuka.

Abin da na koya ke nan, kuma ragon kara ne ya fara karanta mini shi da ƙaho. Mu mutane ne masu son a gani, mukan yi wa iyaye abu rabi don su, rabi don a ce mun yi. Tun daga wannan makon, in zan kyautata wa wani nawa, ba na fara tunanin yadda abin zai yi kyau a idon mutanen waje. Nakan je in zauna kusa da shi tukuna, in ji ko iskar da na tanadar masa tana isa inda yake zaune.